Gyambon Duna: wata biyu ina jinyar ƙafar kare a Kumasi

Ban taɓa zaton akwai ranar da zan durƙusa in wanke wa kare ƙafa ba. A ƙauyenmu kusa da Galmi, kare na maharba ne da makiyaya. In ya leƙo zaure yara su raka shi da dutse, shi ke nan. Amma zaman baƙunta yana sa mutum abin da ko a mafarki bai yi ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sayar da albasa a Kumasi. Iyalina suna Aboabo, sitona kuma yana can wajen Kwadaso, kusa da inda ake sauke kaya. Sau biyu aka fasa mini shi a shekara guda. Bayan na biyun ne mai gadinmu, wani dattijo mutumin Bolga, ya zo da ɗan kwikwiyo a cikin kwali ya ce, "Alhaji, ni idona ya fara gajiya, amma kunnen wannan ba ya barci." Na ce ya ajiye shi can baya, kada dai ya kusanci inda muke salla. Baƙi ne wuluk in ban da farin tabo a ƙirji, yaran shago suka sa masa Duna. Tun daga ranar ko ƙwayar albasa ɗaya ba a sake ɗauka mini da dare ba. Shekara huɗu yana wannan aiki, ni kuwa ban taɓa sa hannu a jikinsa ba. Ladansa sauran abincin da muka ci.

A watan Satumba na 2023 ya fara ɗingishi da ƙafar gaba ta dama. Duk wanda ke harkar albasa ya san irin halin da muke ciki a lokacin. An yi juyin mulki a Nijar a ƙarshen Yuli, aka rufe iyaka, motocin kaya suka maƙale a hanya albasa tana ruɓewa a cikinsu. Ni ma ina da kaya a ɗaya daga cikin motocin nan, kuma rabin kuɗin ba nawa ba ne. To mutumin da ke kwana yana lissafin bashi, ina ya ga ta ɗingishin kare? Na ce ƙaya ce, zai cire abarsa da haƙori.

Bai cire ba. Bayan mako guda sai ga ɗan kumburi tsakanin yatsu biyu na dagin, kamar ƙwayar gyaɗa, ja, yana sheƙi. Kwana biyu ya fashe, ruwa-ruwa da jini-jini suna fita. Daga nan asibitin bakin kasuwa ya buɗe, kowa ya zama likita.

Babban yaron shagona ya ce baƙin mai, wanda aka juye daga inji, wai da shi suke yi wa jakuna a garinsu. Aka shafa. Duna ya lashe shi tas, ya kwana yana amai. Maƙwabcina mai tumatir ya ce a fasa kafso a barbaɗa garin a ciki. Aka barbaɗa. Wani ya ce toka, wani ya ce kananzir don ƙuda. Kananzir ɗin ne kawai na hana, shi ma ba don ilimi ba, don tsoron wuta kusa da buhuna. Da na ga lasar ta yi yawa sai na sa aka naɗe ƙafar da tsumma aka ɗaure da robar tayar keke, tamau. Da safe dagin ya kumbura ya yi biyun ɗan'uwansa, yatsun sun yi sanyi. Mai gadi ne ya yanke robar da asuba, ya dube ni bai ce komai ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai na je wurin mai sayar da magani, na ce ina da dabba mai miki. Kunya ta hana ni cewa kare. Ya ba ni ƙwayoyi na kwana biyar, muka riƙa cusawa a cikin kifi. Kai, sai ga ciwo ya kame, bakin ya rufe, Duna ya fara taka ƙafar. A kwana na uku na ce a bar sauran maganin, ai ya warke, a ajiye don gaba. Kwana goma bayan haka wurin ya sake tasowa, ya fashe, wannan karon da mugunya da wari. Muka ba shi ragowar, ya lafa, ya dawo. Sau uku ana wannan wasan ɓuya. Kafin ƙarshen Oktoba miki ya zama gyambo sosai: gashin wurin ya zube saboda lasa, fatar ta yi kauri ta yi jajir, ga ruwan sama kullum, ga caɓin kasuwa. Da dare, in ji mai gadi, ba a jin komai sai ƙarar harshensa a kan ƙafar.

Akwai wani direba da ya daɗe yana bin hanyar Chadi, ya tsaya ya duba ya ce, "Alhaji, wannan kurkunu ne, na ga irinsa a karnukan bakin kogin Shari." Ban ƙaryata shi gaba ɗaya ba, don gaskiya ne a Chadi tun 2012 ake samun kurkunu a jikin karnuka, har akwai shekarar da aka ƙirga sama da dubu, kuma a ƙafa tsutsar ta fi fitowa. Sai dai Gana an tabbatar ta rabu da kurkunu tun 2015, Duna kuwa ko Ejisu bai taɓa zuwa ba. Na dai kwana biyu ina leƙen ramin ko zan ga farin zare.

Shawarar da ta fi yawa ita ce in rabu da shi. "A sa shi a aboboya a kai shi bayan gari a sake." Wani ma ya ce akwai masu saye, ko da ciwon. Ba zan yi ƙarya ba, na yi tunanin hakan. Kwikwiyo kyauta ake samu. Abin da ya riƙe ni ba tausayi ba ne tukuna, lissafi ne: sabon kare sai ya yi wata shida kafin ya san nawa da na wani.

Autana ne ya kawo ƙarshen lissafin. Shekararsa tara a lokacin, ranar Asabar yakan biyo ni kasuwa, kuma ashe sun daɗe da ƙulla abota da Duna a bayan idona. Wata Asabar ina ciniki sai na ji ƙara. Yaron ya je ya ɗaga ƙafar don ya kore ƙudaje, zafi ya sa karen ya kai masa cafka. Ba cizo ne mai zurfi ba, haƙori ɗaya ne ya karce shi a wuyan hannu, jini ya ɗan tsattsafo. Na ce a shafa masa man zafi. Allah ya sa na kira uwarsa a waya. Ban taɓa jin muryarta haka ba.

"Baban Auta, an taɓa yi wa karen nan allurar hauka?"

Na yi shiru.

"To ka kai hannunsa bakin famfo yanzu-yanzu. Sabulu da ruwa mai gudu, minti goma sha biyar, ka duba agogo. Kada ka ɗaure. Ga ni nan zuwa, asibiti za mu."

A wurin awon ciki ta taɓa jin bayanin, ta riƙe. A asibiti suka ce daidai ta yi. Suka fara yi wa yaron allurar rigakafi a ranar, suka rubuta mana ranakun dawowa, suka ce a tsare karen a sa masa ido kwana goma, kada a kashe shi, kada a bari ya ɓace. Ma'aikaciyar ta faɗa mini magana ɗaya da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi: ciwon haukan kare in ya riga ya nuna alama a jikin mutum, ba a tashi. Ka ga da na bi shawarar aboboya bayan wannan, da ba mu da hanyar sanin lafiyar karen ke nan. Kuɗin allurar Auta kuwa ya ninka abin da nake ta gudun kashewa tun Satumba.

A hanyar gida yaron bai yi kukan hannunsa ba. Cewa ya yi, "Baba, ba laifinsa ba ne, ciwo yake ji. In ni ne da ciwon wata biyu, za ka bar ni?" Uwarsa ta ce ya rufe mata baki. Ni dai tagar mota nake kallo.

Ranar Litinin muka ɗaure wa Duna baki da tsumma mai laushi, mai gadi ya rungume shi a bayan aboboya, muka nufi asibitin dabbobi. Na sa hula na ja ta har gira, kada wani ɗan gari ya ga Alhaji yana rakiyar kare. Likitar mace ce, Ba'ashantiya, tana jin Hausa kaɗan-kaɗan irin ta zango. Ta sa na lissafa mata duk abin da muka zuba a ƙafar. Ina faɗa tana rubutawa, da na zo kan baƙin mai sai ta ajiye biro ta dube ni ta saman tabarau. Na ƙara da cewa sau biyu na ba shi rabin ƙwayar ciwon jiki irin tawa. Ta ce wannan ya fi baƙin man haɗari: magungunan ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen da diclofenac suna yi wa kare gyambon ciki, suna lalata masa ƙoda, kuma ko farasitamol ba a ba shi sai da awon likita. Kyanwa kam farasitamol kashe ta yake yi.

Bayanin da ta yi mini a kan ciwon shi ne dalilin wannan rubutu, don na san da yawa cikinmu akwai kare a sito ko a garke ko a gona.

Ta ce ƙafar kare wuri ne mai wuyar warkewa ko da ƙaramin yanka ne, saboda a kanta yake tsaye. Duk taku ɗaya yatsun suna buɗewa, bakin mikin ya sake tsagewa. Ga ƙasa, ga danshi. Sannan lasa. Mu mun taso da jin cewa yawun kare magani ne ga mikinsa. Ta ce lasar farko tana iya share datti, amma ta yini da kwana tana kankare sabon naman da ke tohowa, tana jiƙa wurin, tana zuba masa ƙwayoyin cutar baki. Tun yana lasa don ciwo har ya koma ciwon ne saboda lasa.

Amma babbar maganar ita ce wannan: ramin da ke rufewa in an sha magani, ya sake ɓullowa in an daina, a wuri ɗaya, a ƙafa ɗaya, yawanci akwai abin da ke ciki. Ƙaya, ko tsinken itace, ko ɓallin kwalba, ko waya. Jiki yana ƙoƙarin turo shi waje ne, shi ya sa yake huda hanya. Magani yana kashe ƙwayoyin cutar da ke kewaye, amma ba ya narkar da ƙarfe. Ko buhun kafso za a ba shi, muddin abin yana ciki, gyambo yana nan. Da ƙafafu biyu ne ko huɗu, in ji ta, da sai ta fi zargin ƙazuwar karnuka ko jiga ko ƙaiƙayin da wani abu ke tayar masa. Ta kuma duba ko tsutsar ƙudan nan ce da ke yin ƙwai a ƙasa ko a rigar da aka shanya, ta shiga fata ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya, don tana yawan kama karnuka a ƙasashen nan namu. Ba ita ba ce. A tsohon kare kuma, ta ce, mikin da ya ƙi warkewa a yatsa wani lokaci daji ne, sai an yanki ɗan nama an auna.

Ta kankari fatar ta duba a madubin likita, babu ƙwarin ƙazuwa. Sai ta ce a ɗauki hoto, amma ta gargaɗe ni: hoto yana nuna ƙarfe, ƙaya da itace kuwa ba kasafai suke fitowa ba, in bai nuna komai ba sai ta buɗe ta nema. Da ta faɗi kuɗin na yi lissafi a zuci, ribar buhu huɗu a kasuwa mai kyau. Na buɗe baki zan nemi ragi, na tuna hannun Auta, na rufe.

Hoton ya fito da wani ɗan farin layi siriri a kwance tsakanin ƙasusuwan yatsu. Aka yi wa Duna allurar barci, ta tsaga wurin, ta sa hantsaki. Ba a fi minti ashirin ba ta fito da abin a kan auduga ta miƙo mini. Tsinin basilla ne, bai kai rabin ashana ba, ya yi baƙi.

Na gane shi. A ƙarshen Agusta, ranar da aka kira ni aka ce motarmu ba za ta wuce ba, ina ɗinkin bakin buhu da kaina don na sallami mai ɗinkin, na danna da haushi basillar ta karye. Na yi jifa da gindin, tsinin kuwa ko nemansa ban yi ba. A daidai wurin Duna yake kwanciya. Ban faɗa wa likitar ba. Mai gadi dai ya dubi tsinin, ya dube ni, ya sake yin shirun nan nasa.

Kafin mu tafi ta ɗaga leɓen karen ta nuna mini dasashinsa, fari-fari maimakon ja. Ta tambayi abin da yake ci. Na ce abin da muka ci: shinkafa da wake, sauran miya, wani lokaci ƙasan tukunyar mai soya ƙwai. Ta ce, sana'ar me kake yi? Na ce albasa. Sai ta yi dariya ta dafe kai. Ashe albasa guba ce ga kare, ɗanya ko dafaffiya ko soyayya, haka ma tafarnuwa. Tana farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa, a hankali jini ya ragu, in ta yi yawa har fitsarinsa ya koma ja. Jikin da ba jini kuwa ba ya saurin haɗe miki. Shekara talatin ina cikin albasa tun ina yaro a gonar mahaifina, sai a ranar na ji wannan.

Jinyar gida ita ce aikin. Sito ba wurin mai miki ba ne a damina, don haka na ce zan kai shi gida, akwai ɗan fili a bayan ɗakin girki. Uwar yara ta ce, "Karen da ya ciji ɗana? A gidan da nake salla?" Ban iya ba ta amsa ba, sai na je wurin limaminmu bayan Isha, ina ta kewaye-kewaye. Ya ce in faɗi abin da ya kawo ni. Da ya ji sai ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, ƙwaryar da ya sha ruwa a ciki ce aka ce a wanke sau bakwai, kuma malamai da yawa sun yarda da ajiye kare don tsaro in akwai buƙata. Ya ba ni labarin da ake bayarwa na mai Risala, Ibn Abi Zaid, cewa shi ma ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Ya tuna mini da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi. Sannan ya ce, "Alhaji, wanda ka sa aiki, ciyarwarsa da jinyarsa suna wuyanka. Ka ware masa kwanonsa, ka ajiye shi a waje, ka wanke hannunka." Na kawo mata wannan, ta ce ta ji, amma kada ya tsallako bakin ƙofa, kuma Auta ba zai matsa kusa ba sai kwana goman nan sun cika.

Kullum safe da yamma, ga yadda muke yi. A tafasa ruwa rabin lita, daidai ledar fiya wata ɗaya, a sa ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri, a bari ya huce. Ba a wuce haka, gishiri mai yawa ƙona sabon nama yake yi. A ɗaure bakin karen da tsumma, a wanke mikin, a tsane shi sosai da auduga mai tsabta har tsakanin yatsu. A sa 'yar auduga a tsakanin yatsun, a naɗa bandeji daga dagi zuwa sama da gaɓa, sako-sako yadda ɗan yatsa zai shiga ƙarƙashi. In zai fita kewaya ana ruwa, a sa masa leda a kai, yana dawowa a cire, don leda in ta daɗe tana dafa ƙafar. In bandeji ya jiƙe a canza nan take. Maganin sha kuwa na mako biyu ne, likitar ta sa na yi mata alkawari ba zan tsaya a hanya ba ko da na ga ya fara tsere.

Maganin lasa shi ne abin dariyar. Akwai abin wuya na roba da ake sayarwa mai kamar mazurari, amma ta ce bokiti ma ya isa. Muka samu ƙaramin bokitin roba, muka yanke gindinsa, muka naɗe bakin yankan da filasta kada ya yanke shi, muka huda ramuka muka ɗaure a abin wuyansa, kansa yana ciki. Yana ci, yana sha, amma harshe ba ya kai wa ƙafa. Daren farko ya yi ta karo da bango. Yaran unguwa suka yi ta hawa katanga suna kallon "karen Alhaji mai bokiti". Har yau akwai masu kirana da sunan a kasuwa, na bar su.

A kwana na huɗu tafiya ta kama ni zuwa Tachiman, na kwana biyu. Na bar wa babban yarona aikin, ina ta fargaba. Da na dawo na tarar da bandeji sabo, an naɗa shi fiye da yadda nake yi kyau. Na yaba wa yaron, ya ce ba shi ba ne. Na dubi uwar yara tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce, "Yaron nan hannunsa rawa yake yi. Kuma karenka ba ya son ruwan in ya yi sanyi da yawa, ka riƙa barinsa da ɗan ɗumi." Daga ranar ita ke dafa masa nasa daban, shinkafa da kan kifi, ba albasa.

Kwana goma suka cika Duna yana ci yana sha lafiya, muka koma asibiti da labarin, hankalinmu ya kwanta a kan Auta. A kwana na goma sha biyu aka cire ɗinki. Ramin bai sake buɗewa ba. Na jira mako guda, na jira biyu, kullum ina taɓa wurin ina jiran kumburin nan ya dawo kamar yadda ya saba. Shiru. A mako na uku aka cire bokiti, aka yi masa allurar hauka ta farko a rayuwarsa, aka ba ni kati mai ranar da za a sake. Katin yana cikin jakar da nake ajiye takardun tafiyata, don ita ce jakar da ba na mantawa da ita.

Ya koma bakin aikinsa a farkon Disamba. Gashi bai sake fitowa a tsakanin yatsun nan biyu ba, kuma da sanyin asuba na hunturu yakan ɗan ɗage ƙafar kafin ya taka. Motar tawa ta iso daga baya, abin da aka tsira da shi bai kai rabi ba, bashin kuwa sai bara na gama biya.

Auta ya ciro maganaɗisu daga wata tsohuwar sifika ya ɗaura masa igiya. Duk Asabar in ya zo sai ya ja shi a ƙasan sito, lungu-lungu, kafin ya zauna. Ranar farko ya tara ƙusa goma sha huɗu, da guntayen waya, da reza biyu, da gindin basillar nan tawa.